Idan Injin Jirgi Ya Fara Shaƙewa, Fara Daga Tanki

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kogin Kwara ya sauya kama a ƙasar Yauri. Ruwa ya shanye da yawa daga tsibiran da Gungawa suka gada kaka da kakanni, aka mai da mutane kan tudu, kogin kuma ya buɗe ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, wanda faɗinsa a tsakiya ya haura kilomita 20. Irin wannan ruwa ba a ƙetare shi da filafili, balle da lodin albasa da buhunan shinkafa da kwandunan bandar kifi. Shi ya sa daga Shanga har Wara, abincin mai fito da na masunci da na 'yar kasuwa duk yana rataye ne da injin da ke maƙale a bayan jirgi. Mafi yawan injunan nan sun kwana biyu. Yamaha Enduro ne mai doki 15, ko 25, ko 40, wasu sun bi hannu da yawa kafin su iso bakin ruwan Yelwa, kuma ba kowa ke da halin sabo ba.

Ƙorafin da aka fi yi a kansu guda ne, baki ne kawai ya bambanta. Wani ya ce injinsa na tari. Wani ya ce da ya murɗa totur sai ya shaƙe. Wani ya ce a gaɓa yana tashi lafiya lau, sai an yi nisa ya ɗauke. Kafin mai inji ya rufe baki, wani daga gefe ya yanke hukunci: "Kafireto ne, a wanke shi." Nan da nan a kwance kafireto a kan yashi, a wanke, a mayar, gobe ciwon ya dawo, wani lokaci ma da ƙari, domin an yaga gaskit ko an ɓatar da wani ɗan ƙaramin abu da ba a ma san ya faɗi ba.

Shawarata ita ce ka bar kafireto ya zama na ƙarshe. Fetur hanya ɗaya yake bi: daga tanki ya shiga tiyo, ya ratsa robar matsawa, ya bi mahaɗin da ke shiga jikin inji, ya wuce filta, famfon mai ya tura shi, sannan ya isa kafireto. Wurare shida ke nan kafin na bakwai, kuma a cikin shidan nan ne matsalar ta fi ɓuya. Dubansu bai cika buƙatar kuɗi ba, wasu ma ko sifana ba sa buƙata.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata ka yi ta lallaɓa injin da ke ƙarancin mai ba. Waɗannan injuna na gauraye ne, ba su da wani kaskon baƙin mai a cikinsu irin na mota. Man da ke shafa fistin da ring da boris a cikin fetur yake tafiya. Duk lokacin da fetur ya ragu a hanya, man shafawar ma ya ragu, injin kuma ya ƙara zafi. Mai jirgin da ke cewa "yana dai tafiya, bari mu ƙarasa kasuwa" yana iya tashi da injin da ya buga, alhali abin da ya jawo bai wuce tiyon da ya tsage ba. A manyan injuna masu silinda uku, irin masu doki 60 da 75, abin ya fi muni, domin kowace silinda da nata kafireto. Ɗaya na iya toshewa, sauran biyun su ci gaba da jan ta a bushe.

Da farko ka tabbatar ciwon na mai ne. Duba makullin kashe inji, ɗan abin nan mai jan igiya, ka ga yana zaune daidai. Sannan ka ja igiyar tayarwa kaɗan, ka kwance fulogi ka kalli bakinsa. In ya bushe ƙayau, mai ba ya isowa. In ya jiƙe sharaf da fetur, ko dai mai ya yi yawa, ko wuta ce babu. In ka ga ɗigon ruwa ƙanana a jikinsa, ka riga ka sami bakin zaren. Launinsa ma shaida ne: ruwan ƙasa alamar lafiya, baƙi mai maiƙo alamar mai ya yi yawa, fari fat kuwa alamar injin ya daɗe yana aiki da yunwa. Don gwada wuta, mayar wa fulogi wayarsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da raminsa da duk inda fetur ya zuba, wani ya ja igiya. Tartsatsi mai ruwan bula, mai ƙarfi, shi ake nema. In wuta lafiya, fulogi kuma a bushe, zuba ɗan gaurayayyen mai, bai kai cikin ƙaramin cokali ba, a maƙogwaron kafireto, giya a sake, ka ja igiya. Ya tashi ya yi ɗan ruri ya mutu? To injin da ransa, hanyar mai ce ta sami matsala.

Koma tanki. A kan murfinsa akwai ɗan sukurun iska. Yayin da fetur ke fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ba haka ba famfo zai yi ta ja har ya gaji. Alamar wannan ciwo a bayyane take: injin ya tashi sumul, ya yi tafiyar minti goma ko sha biyar, ya fara sanyi, ya mutu. Ka duba robar matsawa ka tarar ta shafe, in tankin na roba ne ma har gefensa ya lotsa ciki. Kwance murfin gaba ɗaya. In ka ji iska ta shiga da ƙara, roba kuma ta koma ta kumbura, aikin ya ƙare. Wani lokaci mantuwa ce, an ɗaure sukurun don kada mai ya zuba a hanya aka manta ba a sake shi ba. Wani lokaci ƙurar hunturu ce ta haɗu da maiƙo ta toshe ƙofar. Tankin da ya daɗe a ajiye kuwa, zanzaro ma yakan liƙe masa ƙofa da laka.

Da yawa daga cikinmu ba su da tankin asali, jarka ce ake cusa wa tiyo. Ba laifi ba ne, amma jarka tana da nata sharri. Tiyon yakan lanƙwashe ya ɗago kai sama da mai, sai ya riƙa zuƙar iska duk lokacin da jirgi ya karkata. Ko kuma bakinsa ya manne da gindin jarka ya toshe kansa. Yanka bakin a karkace, ka ɗaura masa ɗan ƙarfe mai tsabta da zai riƙe shi ƙasa, amma ka bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da gindi, domin nan ne ruwa da datti ke kwanciya. Tsumman da ake cusawa a bakin jarka kuwa ka rabu da shi. Yana shan ruwan sama da feshin igiyar ruwa ya ɗiga su cikin mai, zarensa kuma yana bin tiyo. Huda murfin jarkar daidai kaurin tiyo, ka yi wata ƙaramar huda ta iska. Mai tankin asali shi ma ya ciro bututun da ke ciki ya duba ragar da ke bakinsa, kuma in tankin na ƙarfe ne ya haska tocila ya ga ko tsatsa ta fara ɓarewa.

Yanzu ga man kansa, wanda a ganina shi ne uwar matsalolin. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa, sai yanayin saye ya canza. Wanda a da yake cika jarka a gidan mai, yanzu galan yake saye a wajen 'yan bumburutu a bakin ruwa, kuma yana tafiya har sai tanki ya kusa ƙafewa, wato har sai tiyo ya kai ga gurɓataccen da ke ƙasa. Ba duk mai sayarwa ne macuci ba. Durom ɗin da ke zaune a fili, rana ta dake shi da yini, sanyi ya sauko masa da dare, da kansa yake tara raɓa a ciki. Gurɓataccen mai kuma ba a bakin ruwa kaɗai yake ba: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya bi gidajen mai ya lalata injunan mutane. Irin wannan sinadari yana jan ruwa, kuma yana cin roba.

Gwajin mai sauƙi ne. Sami farar kwalba mai tsabta, busasshiya. Cire tiyo daga jikin inji, ka danna ɗan ƙwallon da ke cikin mahaɗi, ka matsa roba har mai ya kai rabin kwalbar. Ajiye ta a inuwa minti biyar, sannan ka ɗaga ta saitin haske. Mai lafiya garau yake, kana hango yatsanka ta bayan kwalba. In akwai ruwa, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, da layi a fili tsakaninsa da fetur, ko ɗigo-ɗigo masu gangarawa in ka karkata kwalbar. In man ya yi hazo, ruwan ne bai gama rabuwa ba. Baƙaƙen ɓarɓashi kuwa, ko tsatsar tanki ce, ko cikin tiyo ne ke ruɓewa. Tun a wajen saye ma kana iya gwaji, kafin ka zuba man gauraye: ɗiga fetur a farar takarda. Na gaskiya yana bushewa nan take bai bar komai ba. In ya bar tabon maiƙo, an sa masa kananzir ko gas, kuma injinka zai yi wuyar tashi, ya yi hayaƙi, ya yi ƙwanƙwasa. Yamaha na da wani nau'in inji da aka ƙera don kananzir, wanda ake tayarwa da fetur, amma shi daban ne, kar ka auna naka da shi.

In ka sami ruwa, kar ka zubar da man a tafki, can ne kifinmu da ruwan shanmu. Bar jarkar ta zauna ba motsi, ka zuƙe na sama da tiyo zuwa wata busasshiyar jarka, ka bar na ƙasa. Tacewa da ƙyalle tana kama yashi, ba ta kama ruwa. Fetur ɗin da ya yi wata biyu a zafin nan namu shi ma ya tashi daga aiki: launinsa ya yi duhu, warinsa ya canza, yana barin danƙo a duk ƙofar da ya bi.

Batun gauraye ma yana cikin hanyar mai. Yawancin Enduro kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai suke so. Wato jarka mai lita 25 rabin lita take ci, lita 10 kuma mililita 200. Sabon inji, ko wanda aka sa wa sabon fistin da ring, ana ninka masa a awa 10 na farko, lita 1 a lita 25. Duba littafin injinka ko rubutun da ke jikin murfinsa, domin akwai masu bambanci. Nemi man injin ruwa mai alamar TC-W3 a jikin galan. Baƙin man mota, balle wanda aka juye daga wani inji, toka yake tarawa a kan fistin ya kashe fulogi. Kuma ka gauraya da kyau: zuba fetur kaɗan, zuba mai, girgiza, sannan ka cika. In ka zuba mai a busasshen tanki ka bi shi da fetur ba girgizawa, man zai kwanta a ƙasa, tiyo ya fara zuƙe shi, injin ya turnuƙe da hayaƙi ko ya ƙi tashi, sauran tafiyar kuma ya yi ta da fetur marar isasshen mai.

Robar matsawa ta fi kowane abu a jirgi ba da labari, in ka iya sauraronta da hannu. A jikinta akwai kibiya, dole ta kalli inji. Lokacin matsawa ka ɗaga ta yadda kibiyar za ta kalli sama, domin ƙananan ƙofofin da ke cikinta sun fi kamawa a haka. In ka matsa sau da yawa ta yi tauri, mai ya isa kafireto, allurar da ke tsayar da mai a cikinsa kuma ta rufe yadda ya kamata. In ta ƙi yin tauri, ko tanki ya ƙafe, ko iska na shiga ta wani wuri, ko ƙofofin robar sun mutu, ko kuma man yana wucewa wani wuri da bai kamata ba. Leƙa maƙogwaron kafireto: in fetur na ɗiga ta nan, allura ce ba ta rufewa. In ka matsa ta shafe ta ƙi dawowa, toshewar tana tsakaninta da tanki. Amma kar ka tsorata in ta yi ɗan laushi yayin da injin ke aiki, haka take, domin a lokacin famfo ne ke jan mai ta cikinta.

Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne wannan. A kusa da gaɓa, injin na tafiya, da ya fara shaƙewa sai yaronka ya shiga matsa roba a hankali ba tsayawa. In injin ya farfaɗo ya ɗauki ƙarfi, ya sake sanyi da an daina, to hannun yaron ne ke yin aikin famfon mai. Ko famfon ya gaji, ko iska na shiga tiyo. In matsawar ba ta canza komai ba, sannan hankalinka ya koma kan kafireto ko wuta.

Abin da ke rikita mutane game da tiyo shi ne sun saba neman yoyo. Sai mutum ya shafa tiyo ya ji a bushe ya ce lafiyarsa ƙalau. Amma daga tanki zuwa famfo zuƙa ake yi, ba turawa ba. Ƙaramar tsaga ba ta fitar da mai, iska take shigarwa, kamar wanda ke zuƙar ruwa da tsagaggen kara. Lanƙwasa tiyon taƙi-taƙi kana kallo, musamman kusa da kilif da inda yake gogar katakon jirgi. Wanda rana ta gasa zai nuna ƙananan tsagu, ko ya yi tauri ya daina lanƙwasuwa. Wani kuma waje lafiya, amma fatar cikinsa ta saɓule tana toshe hanya duk lokacin da aka ba da wuta. In kana so ka gani da ido, saka guntun farin tiyo a kusa da inji na ɗan lokaci, ka tayar: jerin kumfa na wucewa shaidar iska ce. Da ka gama gwaji ka cire shi, domin farin tiyon magina ba na fetur ba ne, ba ya daɗewa yake ƙandarewa ya tsage. Sayi tiyon mai na gaske, mai faɗin ciki daidai da na asali, kuma kar ka ƙara masa tsawo fiye da buƙata. A manyan jiragen fito akan ajiye jarka can ƙasa nesa da inji, ƙaramin famfo ya yi ta fama. Matso da ita kusa, ka ɗora ta a kan katako, wanda zai kuma raba ta da ruwan da ke taruwa a cikin jirgi. Ɗaurin robar tayar keke zai iya kai ka gaɓa, amma fetur na narkar da ita, ba gyara ba ne.

Mahaɗin da ke shiga jikin inji yana da ɗan zoben roba a ciki. In ya tsufa, mahaɗin zai riƙa girgiɗi, iska na bi ta gefe. Matsa roba ta yi tauri, ka motsa mahaɗin: in ya jiƙe, canza shi. Kowane kamfani da irin nasa, na Suzuki ba ya zama daidai a Yamaha ko da ya shiga.

Filta kuwa ɗan kofi ne a gefen inji, ƙarƙashin murfi. Kwance, zubar da abin da ke ciki a kwalba ka duba, wanke ragar da fetur mai tsabta, ka tabbatar zoben robarsa ya zauna kafin ka ɗaure, in ba haka ba ka buɗe wa iska sabuwar ƙofa. Wasu na da jan zobe a ciki wanda ke tasowa in ruwa ya taru. Wanda ya cire raga ya yar don "tana rage gudu" ya tura duk dattin kai tsaye cikin kafireto.

Famfon mai ba shi da lantarki, ba shi da bel. Siririyar fatar roba ce a ciki, wadda hawa da saukar fistin ke busawa da zuƙowa ta wata ƙaramar ƙofa a jikin inji. Da tsufa fatar takan ƙandare, ko ta saki, ko ta huje. Cire tiyon da ke fita daga famfo zuwa kafireto, ka sa bakinsa a kwalba, ka zare makullin kashe inji don kada ya tashi, ka ja igiya. Ya kamata mai ya riƙa tsartuwa da kowane ja. Don gane huda, kwance famfon daga jikin inji ba tare da cire masa tiyo ba, ka matsa roba, ka kalli ƙofar da ke bayansa. In fetur ya fito ta nan, fatar ta huje, kuma man yana malala kai tsaye cikin inji. Alamarsa ita ce fulogi ɗaya kullum baƙi a jiƙe, silo ba daɗi, mai kuma na ƙarewa da wuri. Ana sayar da fatar da gaskit ɗinta daban, ba sai ka sayi famfo sukutum ba. Ɗauki hoto da waya kafin ka warware shi, domin jerin fatun yana da tsari, in aka juya ɗaya ba zai ja ba. Abu guda da ya kamata ka sani: injin da ring ɗinsa ya cinye sosai ba ya busa famfo da ƙarfi, ko sabo ne. In ka canza fata ba ta canza zani ba, sa bakanike ya auna matsin silinda.

To yanzu mun iso kafireto. Ko a nan kar ka yi gaggawar kwancewa. A ƙasan kofinsa akwai sukurun zubarwa. Tara tsumma ko murfin kwalba, ka sassauta shi, ka matsa roba har mai mai tsabta ya wanke kofin. Sau da yawa ɗan ruwan da ya kwanta a nan ne ke hana injin ɗaukar wuta, kuma wannan kaɗai ya isa.

In bai isa ba, yanayin ciwon zai nuna maka inda za ka duba. Injin da ba ya zama sai an ja cok, ƙaramin jet na silo ne ya toshe, ko iska na shiga ta gaskit ɗin da ke tsakanin kafireto da inji. Wanda ke silo lafiya amma ya shaƙe da an murɗa totur, babban jet ne. Wanda ke zubar da mai yana jiƙa fulogi, allura ce ta cinye, ko datti ya tokare ta, ko fulot ya huje. Girgiza fulot a kusa da kunne, in ka ji motsin mai a ciki ya gama aiki.

Wannan aiki na tudu ne, a inuwa, a kan faranti da farin ƙyalle. Kar ka taɓa buɗe kafireto a kan ruwa: fil ɗin fulot da allura ƙanana ne ƙwarai, in suka faɗa ƙasan jirgi ko tafki shi ke nan. Kafin ka cire sukurun daidaita silo, ɗaure shi a hankali har ya zauna, kana ƙirga zagaye nawa ya yi, ka rubuta. Da wannan lissafi za ka mayar da shi. Kar ka matse shi da ƙarfi, bakinsa siriri ne. Ciro jet da sukundireba da ta cika bakinsa, domin tagulla ce mai laushi. Ɗaga shi saitin rana ka leƙa. Ya kamata ka ga haske zagayayye tsaf. In ka ga rabin haske, ko duhu, jiƙa shi a fetur, ka zura masa zaren nailan na fatsa, ka busa da famfon keke ko iskar mai faci. Allurar ɗinki da wayar ƙarfe suna faɗaɗa ƙofar, daga nan injin ya koma shan mai har abada, kuma ba a mayar da ita. Busa duk ƙananan hanyoyin da ke jikin kafireton, ba jet kaɗai ba. Gaskit ɗin da ya yage a sa sabo. Gam da ake shafawa a madadinsa fetur na narkar da shi ya koma ya toshe abin da ka wanke.

Bakaniken babur da ya ƙware zai iya wannan aiki, amma ka tsaya a kansa a abu ɗaya: kada a tayar da injin jirgi a busasshiyar ƙasa ko na ɗan lokaci. Ƙaramar farfelar roba da ke jan ruwan sanyaya inji tana ƙonewa nan da nan in ba ruwa. A sa ƙafarsa cikin durom mai ruwa, ko a kai shi gaɓa.

Akwai cututtukan da ke kama da na mai alhali ba su ba ne. In siririn ruwan da injin ke tsartarwa ta baya ya ragu ko ya tsaya, zafi ne ke kashe shi, kuma lokacin farin ruwa, da tafki ke cike da laka da ciyawa, ƙofar shan ruwansa ta fi toshewa. Kainuwa ko tsohuwar koma da ta naɗe farfela tana danne inji har ya mutu. In kuwa injin na ruri amma jirgi ba ya gaba, musamman bayan an daki kututture, robar tsakiyar farfela ce ta saki. Kwayil ɗin da ya gaji shi ma yakan ɗauke wuta in ya yi zafi, ya dawo in ya huce.

Mutanen Ngaski ba su manta da 26 ga Mayu 2021 ba, ranar da jirgi ya nutse kusa da Wara da ɗimbin fasinja. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yawan lodi da tsufan jirgin aka danganta wannan musiba da su, ba mai ba. Na tuno da ita ne domin jirgi mai nauyi ba shi da sararin kuskure. Da inji ya mutu, jirgi yakan juya ya ba igiyar ruwa gefensa, kuma a faɗin tafki, lokacin iskar farkon damina, wannan kaɗai ya isa. Can sama wajen Shanga, inda ruwa ke da gudu, jan ruwa ne zai tafi da kai kan dutse ko kututture. Don haka in abin ya faru a tsakiyar ruwa, kafin ka taɓa inji ka sa a riƙe goshin jirgi yana fuskantar igiyar ruwa da filafili. Ka yi wa fasinja magana da murya kwance: "Iya, Baba, kowa ya zauna inda yake, kar a taru gefe ɗaya, yanzu za mu tashi in Allah Ya so." A kashe taba. Sannan ka bi abubuwan da hannu ke iya yi: makullin kashe inji, murfin tanki, bakin tiyo a cikin mai, mahaɗi, roba, filta, sukurun zubarwa, fulogi. In fulogi ya jiƙe da mai, mayar da cok, ka busar da shi, ka ja igiya ba tare da ka ƙara matsa roba ba. Rigar ruwa da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ke nanatawa, da hana tafiyar dare da ta yi, irin wannan lokaci suke wa amfani, domin duk abin da na lissafa da ido ake yin sa.

Wata 'yar robar fenti mai murfi ta isa ɗaukar kayan ceto: fulogi biyu da sifanarsu, sukundireba, filaya, guntun tiyo, kilif, robar matsawa ta ajiya, farar kwalba, tsumma mai tsabta da igiyar tayarwa. Jarkar ajiya kuma ta zama daga wani saye daban, don in na farko gurɓatacce ne ka sami na canji.

In za ka jingine inji fiye da mako biyu, kar ka bar mai ya kwana a kafireto yana zama danƙo. Mai kafireto ɗaya, cire masa tiyo yana silo a ruwa har ya mutu da kansa. Mai kafireto biyu ko uku, zubar ta sukurun kowanne, domin ba sa ƙarewa lokaci guda. Rufe bakin mahaɗi da leda, ka ɗaure sukurun iska, ka ajiye tiyo da roba a inuwa.

Bayan kowane gyara, kar ka yarda da rurin da inji ya yi a durom ko a gaɓa ba kaya. Famfo mai rauni da toshewar iska ba sa nuna kansu sai inji na jan nauyi na ɗan lokaci. Ɗora buhunan yashi ko jarkokin ruwa, ka bi gefen gaɓa da cikakkiyar wuta na minti ashirin, kana taɓa robar matsawa lokaci-lokaci kana duba ruwan da ke tsartuwa ta baya. Da ka tsaya ka kwance fulogi ka duba launinsu. In sun fito ruwan ƙasa, roba ba ta shafe ba, sannan ka ɗauki fasinja zuwa Rofiya ko Wara.